Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Norwe a Hannun Jamus, 1940 zuwa 1945

Wanda ya ji sunan Norwe a yau, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ƙasar wadata da kwanciyar hankali, inda ake ba da kyautar Nobel ta zaman lafiya kowace shekara a birnin Oslo. Ƙasa ce doguwa siririya a can ƙuryar arewacin Turai, ta yi iyaka da Suwidin da Finlan da Rasha, mutanenta kuwa miliyan biyar da rabi ne, ba su kai na jihar Kano ba. An gano mai a tekunsu a 1969, daga baya suka buɗe asusun tara rarar kuɗinsa wanda yanzu ya haura dala tiriliyan ɗaya. Busasshen kifin nan mai tauri da ake shigowa da shi Najeriya, da yawansa daga can yake, daga tsibiran Lofoten.

A 1940 babu mai, babu asusu. Mutanen ƙasar kusan miliyan uku ne, masunta da manoma da ma'aikatan jiragen ruwa. Shekara 35 kacal ke nan da rabuwarsu da Suwidin, domin a 1905 suka tsaya da ƙafarsu, suka ɗauko wani yarima daga Denmak, suka kaɗa ƙuri'a suka amince da shi, ya zama Sarki Haakon na Bakwai. A Yaƙin Duniya na Farko sun kasance 'yan ba-ruwanmu, suka kuma ɗauka haka za a sake yi, saboda haka ba su yi wa soja wani tanadi na kirki ba. Sai ga shi a Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta mamaye su ta zauna shekara biyar. Idan aka tambayi yadda hakan ya yiwu, suna ɗaya ake jefowa: Vidkun Quisling, ɗan Norwe da ya haɗa kai da Jamus, har sunansa ya koma zagi a Turai, ma'ana maci amanar ƙasa. Ni a ganina ɗora masa kayan gaba ɗaya ya yi wa mutane da yawa daɗi, domin shi kaɗai da 'yan jam'iyyarsa ba za su iya tafiyar da ko gunduma ɗaya ba. Abin da ya kamata a duba shi ne su wa suka ci gaba da zuwa ofis, su wa suka ƙi, kuma me ya biyo bayan kowanne.

Dalilin harin kansa ba boyayye ba ne. Masana'antun makaman Jamus sun dogara da tama daga Kiruna a arewacin Suwidin. Da rani ana fitar da ita ta tashar Luleå, amma da hunturu tekun can yana daskarewa, sai a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Narvik a gaɓar Norwe, inda ruwa ba ya ƙanƙarewa. Ga kuma gaɓar teku mai tsawon gaske cike da lunguna, wadda duk wanda ya riƙe ta zai iya ɓoye jiragen yaƙi ya takura wa Birtaniya. Ita ma Birtaniya ta san haka. A Fabrairun 1940 sojojin ruwanta suka shiga ruwan Norwe suka far wa jirgin Jamus mai suna Altmark suka kwato fursunoninsu, a ranar 8 ga Afrilu kuma suka dasa nakiyoyi a hanyar jiragen tama. A lokacin jiragen Hitila sun riga sun taso.

Da asubahin 9 ga Afrilu aka afka wa Oslo da Bergen da Trondheim da Narvik da wasu biranen a lokaci guda. A mashigin ruwan da ke kaiwa Oslo akwai wani tsohon sansanin tsaro, Oscarsborg, ƙarƙashin wani Kanar Birger Eriksen, dattijo mai shekara 64 da ke dab da ritaya. Ya hango manyan jirage suna shigowa cikin duhu, babu wanda ya ba shi umarni daga sama, ya yanke shawara da kansa ya buɗe wuta. Igwoyin da ya harba tun 1893 aka ƙera su, a Jamus ɗin ma. Sabon jirgin yaƙi Blücher ya kama da wuta ya nutse da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da waɗanda aka turo su kama sarki da ministoci. Jinkirin 'yan sa'o'in nan ya isa: sarki da iyalinsa da gwamnatin Firaminista Johan Nygaardsvold da 'yan majalisar dokoki suka hau jirgin ƙasa suka nufi arewa, aka kuma fitar da zinariyar babban bankin ƙasa, kimanin tan 50, a manyan motoci.

Da yammacin ranar Quisling ya shiga gidan rediyo a Oslo ya sanar cewa shi ne shugaban gwamnati, ya umarci sojoji su daina faɗa. Ba jahili ba ne, ba kuma ɗan tasha ba. Ɗan limamin coci ne, ya fita makarantar hafsoshi da sakamako mafi kyau, ya yi aikin agajin yunwa a Rasha da Yukiren tare da fitaccen ɗan Norwe mai ayyukan jinƙai, Fridtjof Nansen, ya riƙe ministan tsaro daga 1931 zuwa 1933. A 1933 ya kafa jam'iyyarsa, Nasjonal Samling, a kan tafarkin 'yan Nazi. Mutane suka ƙi shi ƙiri-ƙiri: kashi biyu cikin ɗari da ɗoriya ya samu a zaɓen 1933, a na 1936 bai ma kai biyun ba, ko kujera ɗaya bai taɓa ci ba. A Disamban 1939 ya tafi Balin ya gana da Hitila. Abin da ƙuri'a ta hana shi ne ya je nema a wajen baƙo.

Kashegari jakadan Jamus, Curt Bräuer, ya sami sarki a Elverum ya nemi ya naɗa Quisling. Haakon ya tara ministocinsa ya gaya musu cewa hukuncin nasu ne, amma shi ba zai naɗa mutumin da ya san jama'a da majalisa ba su yarda da shi ba, idan kuwa suka ga dole a amince, to zai yi murabus. Gwamnati ta tsaya a bayansa. Jiragen Jamus suka yi wa ƙauyen Nybergsund ruwan bama-bamai don su kashe shi, ya tsira a cikin daji. An yi wata biyu ana gwabzawa, har sojojin ƙawance, wato na Birtaniya da Faransa da abokansu, suka kwace Narvik a ƙarshen Mayu, amma da Faransa ta fara rushewa suka janye. Ranar 7 ga Yuni sarki da gwamnati suka bar Tromsø zuwa Landan.

Akwai abin da ya faru a wannan bazarar da ba a cika son tuna shi ba. Jamusawa da kansu sun ga Quisling kaya ne, suka ture shi bayan kwana shida, Hitila ya turo nasa gwamnan, Josef Terboven. Shi kuma ya zauna da manyan ƙasa, ba 'yan Nazi ba, zaɓaɓɓun shugabannin majalisa da suka rage a Oslo, ana ciniki a kan yadda za a kafa gwamnatin da Jamus za ta yarda da ita. A ƙarshen Yuni waɗannan shugabanni suka rubuta wa sarkinsu wasiƙa suna roƙonsa ya sauka. Ya ƙi, aka karanta amsarsa a BBC, aka yi ta kwafarta ana rabawa a ɓoye. Ban ce mutanen nan maciya amana ba ne. Faransa ta faɗi, kowa na ganin Hitila ya ci yaƙi, suna neman ceto abin da za a iya cetowa. Amma ya nuna cewa miƙa wuya ya fara ne daga masu hankali da mutunci, masu cewa "a lallaɓa". Cinikin ya watse ne saboda Jamusawa sun yi ta ƙara farashi. Ranar 25 ga Satumba Terboven ya haramta duk jam'iyyu in ban da ta Quisling.

Daga nan aka shiga zaman yau da gobe. Sojojin Jamus a Norwe sun haura 300,000, suna buƙatar bariki da filayen jirgin sama da hanyoyi da ganuwar gaɓar teku. 'Yan kwangilar ƙasar suka karɓi aiki, wasu suka yi kuɗin da ba su taɓa mafarki ba, dubun-dubatar leburori suka tafi inda albashi ya fi tsoka, rashin aikin yi da ya addabi ƙasar shekaru goma ya ɓace. Kuɗin kuwa daga babban bankin Norwe Jamusawa suke ɗiba, kimanin kurona biliyan 11 na kuɗin Norwe kafin yaƙi ya ƙare. 'Yan jam'iyyar Quisling sun ƙaru har suka haura 40,000 a 1943, wasu don aƙida, wasu don tsoron kwaminisanci, da yawa don muƙami. Matasa kusan 5,000 suka sa kakin Jamus suka tafi yaƙi da Tarayyar Sobiyet. A cikin 'yan sanda, kaso mai yawa ya yanki katin jam'iyya.

Turjiya ta fara da ƙananan abubuwa. Ɗalibai suna maƙala ƙarfen haɗa takardu a kwalar riga, alamar "muna tare". Ana rubuta H7 a bango, wato sunan sarki. Mutum ya gwammace ya tsaya a mota da ya zauna kusa da Bajamushe, har hukuma ta mai da tsayuwa laifi idan akwai kujera. Alƙalan kotun ƙoli suka ajiye aiki gaba ɗaya a Disamban 1940, 'yan wasanni suka ƙaurace wa duk gasar da jam'iyya ta shirya har ƙarshen yaƙi.

Shekarar da ta fi bayyana komai ita ce 1942, domin a cikinta abubuwa biyu suka faru waɗanda ya kamata a ajiye su kusa da juna.

Ranar 1 ga Fabrairu aka naɗa Quisling shugaban ministoci. Cikin kwanaki ya fito da dokoki biyu: duk yaro daga shekara 10 zuwa 18 dole ya shiga ƙungiyar matasan jam'iyya, duk malamin makaranta kuma dole ya shiga sabuwar ƙungiyar malamai ta gwamnati. Malamai suka yi wani abu mai sauƙi ƙwarai. Aka tsara 'yar gajeriyar sanarwa, aka yaɗa ta hannu da hannu daga gari zuwa gari, kowane malami ya kwafa da hannunsa, ya sa cikakken sunansa da adireshinsa, ya jefa a gidan waya a rana ɗaya. Abin da ta ƙunsa shi ne ba zai iya tarbiyyar yara a kan wannan tafarki ba saboda ya saɓa wa lamirinsa. A cikin malamai kusan 14,000, wajen 12,000 suka aika. Iyaye suka biyo baya da wasiƙu kimanin 200,000. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi, ta rufe makarantu wata guda da sunan wai babu makamashin ɗumama azuzuwa, malamai suka koma koyarwa a gidaje.

A watan Maris aka kama malamai maza kimanin 1,100. Aka kai su sansani ana sa su rarrafe cikin dusar ƙanƙara, ana ba su abinci kaɗan, ana cewa duk wanda ya janye wasiƙarsa zai koma gida. 'Yan kaɗan ne suka janye. Aka cusa kusan 500 a wani tsohon jirgin ruwa mai suna Skjerstad wanda ya yi musu kaɗan ƙwarai, aka kai su Kirkenes a can iyakar Rasha suna sauke kaya a tashar jirage. Iyalansu kuwa ba su rasa abinci ba, domin ana kai musu albashi a ɓoye. Tun a ƙarshen Fabrairu bishop-bishop na ƙasar suka ajiye muƙamansu na gwamnati, ranar Ista kuma mafi yawan limaman coci suka bi sahu, suka bar albashi suka ci gaba da hidimar jama'arsu. Kafin ƙarshen shekara aka sako malaman, shirin mai da makarantu na 'yan Nazi ya mutu. An ruwaito Quisling yana faɗa wa malaman wata makaranta a Stabekk cewa sun lalata masa komai.

Yanzu a dubi ɗaya abin. Yahudawan Norwe ba su da yawa, kimanin 2,100 ne. A farkon 1942 aka buga harafin J a katin shaidarsu, 'yan sandan ƙasar ne suka yi rajistar. A watan Maris Quisling ya maido da tsohon sashen tsarin mulkin 1814 da ya hana Yahudawa shiga ƙasar, wanda aka soke tun 1851. Ranar 26 ga Oktoba aka kama mazansu, aka kwace dukiyoyinsu. Ranar 26 ga Nuwamba, tun kafin gari ya waye, aka rarraba wa jami'ai jerin sunaye da adireshi, aka yi hayar tasi kusan 100 a Oslo. Waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofofi 'yan Norwe ne, da harshen gida suka ce wa mata su shirya yara su ɗauki abincin kwana kaɗan. Direbobin tasi suka kai su bakin ruwa inda jirgin Donau yake jira. Mutum 529 ya ɗauka. Da suka isa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, ranar 1 ga Disamba, mata da yara da tsofaffi aka wuce da su kai tsaye ɗakunan iska mai guba. Tara ne kawai suka rayu daga wannan jirgi. Jimillar waɗanda aka kwashe daga ƙasar ta kai 773, waɗanda suka dawo ba su kai 40 ba.

An sami waɗanda suka yi abin kirki. Wasu 'yan sanda sun raɗa wa iyalai su gudu, wata likita mai suna Nic Waal tana cikin waɗanda suka fitar da yaran gidan marayun Yahudawa na Oslo, shugabannin coci sun rubuta takardar ƙin amincewa, kuma sama da mutum 1,000 an tsallakar da su daji zuwa Suwidin. Amma waɗannan ɗaiɗaiku ne. Abin da malamai suka yi a matsayin ƙungiya, wato kowa ya ce a'a a rana ɗaya da sunansa, 'yan sanda ba su yi ba, kuma babu wanda ya shirya irinsa saboda Yahudawa. Ƙasa ɗaya ce, shekara ɗaya, mai mulki ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin, domin malaman sun riga sun nuna cewa gwamnatin ba ta iya komai idan ma'aikata suka janye hannu, wata takwas kafin Donau ya tashi. A Denmak, shekara guda bayan haka, labarin kamen ya fita da wuri, jama'a suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin a jiragen masunta.

Labarin gwagwarmaya da makami shi aka fi yayatawa, musamman yadda 'yan ƙundunbala suka fasa masana'antar Vemork mai sarrafa "ruwa mai nauyi", wani sinadari da ake amfani da shi a aikin nukiliya, a Fabrairun 1943 don hana Jamus haɗa bam ɗin nukiliya. Jarumta ce ta gaske. Amma gudummawar Norwe mafi girma ga yaƙin ta fito ne daga jiragen kasuwancinta kusan 1,000 da suka yi wa ƙawance jigilar mai da abinci, inda ma'aikata fiye da 3,000 suka halaka a teku. Akwai kuma matattun da aka daɗe ba a lissafa su: fursunonin yaƙi na Sobiyet kusan 100,000 aka kawo aikin bauta, suna fasa duwatsu da shimfiɗa layin dogo a arewa, wani aikin ma hukumar jiragen ƙasa ta Norwe ce ta amfana da shi. Sama da 13,000 suka mutu, adadin da ya zarce duk 'yan Norwe da yaƙin ya ci, waɗanda suke wajen 10,000. A sansanonin fursunonin Yugoslabiya, masu gadi 'yan Norwe sun yi ƙaurin suna wajen mugunta. A ƙarshen 1944, da sojojin Sobiyet suka shigo ta Kirkenes, Jamusawa suka ƙone lardin Finnmark ƙurmus suna ja da baya, suka kwashe dubban mutane da ƙarfi, wasu suka yi hunturu a cikin kogunan duwatsu.

Ranar 8 ga Mayun 1945 Jamusawa suka ajiye makami, Terboven ya tarwatsa kansa da nakiya, sarki ya dawo ranar 7 ga Yuni, shekara biyar cif da fitarsa. Sai aka zo hisabi. An binciki mutane sama da 90,000, aka hukunta kimanin 46,000, wajen 17,000 suka shiga kurkuku. An zartar da hukuncin kisa a kan 'yan ƙasa 25, ciki har da Quisling da aka harbe ranar 24 ga Oktoban 1945 a ganuwar Akershus, da Henry Rinnan wanda ya yi wa 'yan sandan ciki na Jamus aikin azabtar da mutane a Trondheim. Lauyoyi sun yi ta muhawara, domin gwamnatin gudun hijira ce ta yi dokokin a Landan, tsarin mulkin ƙasar kuma ya hana a hukunta mutum da dokar da aka yi bayan aikata laifi. Duk da haka an bi ta kotu, ba a bar mutane sun ɗauki doka a hannu ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashen, wannan abin yabo ne.

Inda ma'aunin ya karkace shi ne wajen wa aka riƙe, wa aka saki. Yankar katin jam'iyya kawai ya isa a ci mutum tara a hana shi aiki, ko da bai taɓa cutar da kowa ba. Manyan kamfanonin da suka ci moriyar mamaya kuwa, mafi yawansu sun sha da sauƙi, domin ana buƙatarsu wajen sake gina ƙasa. Knut Rød, jami'in ɗan sandan da ya jagoranci kamen Yahudawa a Oslo, kotu ta wanke shi har sau biyu da hujjar cewa ya taimaka wa 'yan gwagwarmaya a ɓoye, ya koma bakin aikinsa har ya yi ritaya a 1965. Yahudawan da suka dawo sun tarar da wasu a gidajensu, aka kuma zaftare kuɗin "gudanarwa" daga abin da aka mayar musu. Sai a 1999 majalisa ta amince da biyan diyya, sai a 2012 Firaminista Jens Stoltenberg ya fito ya ce 'yan Norwe ne suka yi kamen, 'yan Norwe ne suka tuƙa motocin, ya nemi gafara.

An bar jaki aka koma dukan taiki. Mata dubbai da suka yi soyayya da sojojin Jamus, da yawansu 'yan mata ne matalauta masu aikin wanki da girki a bariki, ba su karya wata doka ba. Aka aske musu kai a titi, aka kore su daga aiki, aka tsare wasu a sansanoni ba tare da shari'a ba, ciki har da tsibirin Hovedøya da ke gaban Oslo. Waɗanda suka auri Jamusawa aka kwace musu zama 'yan ƙasa aka tura su Jamus da ke kango, alhali mazan Norwe da suka auri Jamusawa mata babu abin da ya same su. 'Ya'yan da aka haifa, tsakanin 10,000 zuwa 12,000, suka tashi ana kiransu 'ya'yan Jamus a makaranta da unguwa, wasu aka jefa su gidajen masu taɓin hankali ba tare da wata cuta ba. Firaminista Kjell Magne Bondevik ya nemi gafararsu a jawabin sabuwar shekarar 2000. Da wasunsu suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2007 aka ce musu sun makara. Iyayensu mata kuwa sai a Oktoban 2018 Firaminista Erna Solberg ta nemi afuwarsu a madadin gwamnati, shekara 73 bayan yaƙin, lokacin da mafi yawansu sun riga sun rasu.